Rabin Waƙa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan lafiya lau, maiɗakina tana gaida ki.

Kin sha yi mini ƙorafin cewa idan kin kira ni a waya, ba abin da kike samu daga bakina sai "to" da "haka ne". Wannan karon na zaɓi in rubuto, domin maganar tana buƙatar a ajiye kowace kalma a muhallinta. Zan fara da abin da na gani ranar Asabar, yadda na gan shi, sannan in sanar da ke shawarar da na yanke.

Na isa gidan Baba da yamma, rana ba ta faɗi ba. Ƙofar waje a buɗe take. Na bi ta lungun gefen kicin, kuma kafin in yi sallama na hango su a baranda, sai na tsaya. Baba na zaune a kan bencin nan na katako da ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu, sandarsa a jingine da bango. Auta na zaune a hagunsa, ya miƙe ƙafafu, takalmi ɗaya a cire. Wayar Baba na kan cinyar Auta. Daga wayar wata jar igiyar iyafis, abin sauraron nan na sawa a kunne, ta taso ta rabu biyu, ɗaya a kunnen Baba na dama, ɗaya a kunnen Auta. Auta na zuba magana yana kaɗa hannu. Baba na dariya, irin wadda kafaɗunsa ke rawa, wadda ban ƙara gani ba tun rasuwar Inna. Ina tsaye a wurin Baba ya gyara zama, ya ƙara matsawa jikin Auta. Ta tagar falo ana hango saman kabad. Kwalin iyafis ɗin da ni na kai masa yana can kusa da agogo, a rufe.

Na juya na fita. Ban yi sallama ba, kuma na san hakan ba daidai ba ne.

Kin san tun faɗuwar da Baba ya yi a banɗaki likita ya ce kada ya ƙara zama shi kaɗai, muka bar masa zaɓi tsakanin gidana da na Auta. Na gyara masa ɗakin baya, wanda ya fi kowane nisa da titi da hayaniyar yara. Na sa labule mai kauri, na sa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Abin da ya rage a hannuna bayan wannan aiki bai taka kara ya karya ba, shi ya sa zaɓen iyafis ɗin ya ci mini lokaci. Baba ya taɓa cewa tsofaffin waƙoƙinsa, waɗanda ni na juye masa daga kaset zuwa waya, suna fita kamar daga cikin gwangwani. Na karanta sharhin masu gwaji, na kwatanta zanen awon sauti na duk waɗanda aljihuna zai iya ɗauka, sannan na je shago da waƙar da ya fi so a wayata. Na farko da na gwada gangarsa ta yi nauyi har ta danne muryar mawaƙin. Na biyu sautinsa ya yi tsini, yana sukar kunne. Na uku shi na ɗauka. Murya tana fita tas, yana toshe kunne ruf yadda hayaniyar waje ba ta shiga, yana zuwa da robobin kai manya da matsakaita da ƙanana, kuma kawunan suna cirewa daga jikin igiya, yadda idan igiyar ta tsinke ita kaɗai za a sauya.

Na tambayi matar Auta inda ya samo nasa. A bakin tasha ya saya, saboda launin ya dace da murfin wayarsa. Ko gwadawa bai yi ba.

Shawarata ita ce: ki sanar da Baba cewa na janye tayin ɗakin. Ina ganin ya riga ya zaɓa, nauyin faɗa mini ne kawai yake ji, kuma ba na son in bar masa wannan nauyin. Ke ya fi sakin jiki da ke.

Ki huta lafiya, ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Zomo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, sai ƙaramar da ke fama da haƙora ta hana kowa sukuni. A gaida mini maiɗakinka, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai.

E, Zomo na ce. Na san tun da ka shiga jami'a ka hana a kira ka da shi, amma mutumin da ya laɓe a lungun kicin yana leƙen ubansa ba zan kira shi Injiniya ba. Na karanta wasiƙarka ina dariya har maigidana ya leƙo yana tambaya lafiya. Kai jama'a! Ƙato da kai, da gemu da 'ya'ya uku, kana kishi da jar igiya?

Ba inda zan kai saƙonka. In kana son janyewa, ga ka ga Baba, ka buɗe bakin nan naka mai tsada ka faɗa masa.

Amma bari in ba ka labarin da ba ka sani ba, don lokacin kana zanin goyo. Ka san dalilin da Inna ta sa maka Zomo? Ba a taɓa yin jariri mai jin kunne irinka ba. Cokali ya faɗi a kicin, ka farka ka tsanyara ihu. Baba kuwa in ya dawo daga maɗaba'a, bayan ya wuni a gaban injin buga takardu, ba abin da yake so sai ya kunna kaset. Inna ta ce ko kaset ko barcinka, a zaɓi ɗaya. Sai ya sayo wani ɗan abin kunne. Su zauna a kan bencin nan, shi ɗaya ita ɗaya, tana tsintar wake ko tana ɗinke maɓalli, shi yana kaɗa ƙafa. Ni ina ƙasa ina kallonsu ina jin haushi, don ba a taɓa ba ni ba. Ka ga ni na riga ka wannan kishin, kuma a kanka ma aka yi. Har ka girma ka daina ihun, su ba su daina ba. Ni dai ban taɓa ganin Baba da abu a kunnuwansa biyu ba.

To ka kai masa naka, ka ajiye a kan tebur, ka yi masa bayanin robobi, na san ka, ka ce "to Baba, a ji daɗi", ka shiga mota. Auta kuwa ya zo ya zauna ya fizgi ɗaya ko izini bai nema ba. Ka san Auta, ko a gidan makoki sai ya sami wanda zai ci abinci da shi kwano ɗaya.

Kada ka ɗauka ina goyon bayansa ne. Ni ma ina da nawa da shi. Amma maganar inda Baba zai zauna ba ta wasa ba ce, likita ya ce kafin wata ya ƙare. Kada ku ja ta har ya sake faɗuwa ba kowa kusa.

Ka je ka gaida mahaifinka. Ka shiga ta ƙofar gaba kamar mutane.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarki, na gode. Ina fatan haƙoran ƙaramar sun fito lafiya.

Ba zan yi jayayya da kalmar kishi ba, ko da yake da ni ne da wata zan zaɓa. Labarin Inna ban san shi ba. Na karanta shi fiye da sau ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani, kuma ba ra'ayi ba ne. Da yawa daga cikin waƙoƙin nan an naɗe su ne a rabe. Muryar mawaƙi da ganga suna rinjaye a gefen dama, 'yan amshi da wasu kayan kiɗan a gefen hagu. Wanda ya sa kunne ɗaya rabin waƙa yake ji. Wato duk zaman da suke yi a kan bencin, Baba yana jin rabi, Auta yana jin ɗaya rabin, kuma ba wanda ya lura a cikinsu. Na yi makonni ina neman abin da zai mayar wa Baba waƙarsa cikakkiya. An fifita wanda ke raba ta biyu.

Zan faɗi abu ɗaya game da Auta, ba zan maimaita ba. Tun muna yara, ni ake ba aiki, shi ake kira hira. Idan rediyo ta lalace, a ce ina Zomo. Idan ta gyaru, Auta ne ke kwance kusa da ita. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin zalunci ba, kowa da abin da ya iya. Amma na zaci a wannan abu ɗaya, wanda na karanta kuma nake ci da shi, za a ce nawa ya fi.

Na dakatar da maganar janyewa, tun da kin ƙi isar da ita. A maimakonta zan je ranar Asabar da shawarar gwaji na adalci. Waƙa ɗaya, ƙarfin sauti ɗaya, Baba ya sa na Auta a kunnuwa biyu, sannan ya sa nawa, ya faɗi wanda ya fi da bakinsa. Na aika wa Auta saƙo a kan haka. Idan Baba ya ce nasa ya fi, zan karɓa, kuma zan ɗauka amsar ta haɗa da maganar ɗaki.

Na san za ki ce wannan shirme ne. Ina roƙon ki bar ni in yi shi.

Ki gaida maigidanki da kyau.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Yaya Injiniya,

Salam. Ya aiki, ya madam, ya sojojina uku? Ka ce musu kawunsu na nan tafe da alewa, uwarsu ta yi ta faɗa.

Na ga saƙonka, wai gwaji. Sai da na karanta wa madam ta ce wai kotu za a kafa? Tun da takarda kake so, ga takarda, ka yafe rubutun, a kan kantar shago nake yi kwastoma na jira.

Yaya, ni fa ban san komai a kan iyafis ba. Ka ci gasar tun yanzu, na sallama. Nawa har wani ƙuuu yake yi in ka taɓa igiyar. Amma tun da yau ana faɗin gaskiya, bari in faɗi tawa. Ka san me Baba ke yi da kwalinka? Duk wanda ya shigo gidan sai an sauko da shi. Mai kawo gas ya gani, mai wanki ya gani, har wanda ya zo karanta mita. "Wannan ɗana injiniya ne ya zaɓo, sai da ya yi bincike." Ya buɗe, ya nuna, ya rufe, ya goge ƙura da hannun riga, in mayar saman kabad. Ni nake mayarwa, Yaya, don shi ba ya kaiwa. Nawa kuwa a aljihu yake cusa shi tare da makulli. Ba wanda aka taɓa nuna wa.

Ni nake kai shi asibiti, ni nake yanke masa farce. Muna layin ganin likita zai ce, "Da yayanka na nan da ya gane abin da ke rubuce a takardar nan." Ina ji ina haɗiyewa. Kai kana da digiri da ofis da mota. Ni in aka cire Baba me ya rage da za a ce na yi?

Don haka kada ka zaci zan bar maka shi cikin sauƙi. Gidana ƙarami ne, yara kamar kasuwa, amma ina so ya zo. Na faɗa maka ƙiri-ƙiri, ba a lungun kicin ba. E, madam ta gaya mini ka zo ranar, maƙwabciyar Baba ta ga motarka, ta kuma ga inda ka laɓe.

Sai Asabar. Ka taho da na'urorinka, ni zan taho da bakina.

Naka,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Zan ba ki labarin ranar Asabar a jere, domin akwai abin da ke ma ba ki sani ba.

Na shiga ta ƙofar gaba. Baba da Auta na kan benci, kowa a wurinsa na rannan. Na gaishe su, Baba ya ce, "Alƙali ya iso, a sauko da kwali." Auta ya sauko da shi. Ni na tsaya a gabansu da waya a hannu.

An fara da jan iyafis. Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wannan na san shi." Sannan na sa masa nawa da kaina, na zagaya igiyar ta bayan kunne yadda ake yi, na tabbatar robar ta zauna ruf. Na kunna. Bai daɗe ba na ga ya daina kaɗa ƙafa. Na ce, "Baba, yaya?" Bai amsa ba. Auta ya ce, "Baba!" Bai juyo ba. Idanunsa suka fara yawo a tsakar gida, daga ƙofa zuwa kicin, daga kicin zuwa bakina. Sai ya sa hannu biyu ya fizge su.

Na yi zaton ko ɗaya gefen ne ke da matsala. Na roƙe shi ya ƙara haƙuri, na mayar masa, na ce idan ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Na tura sauti gefen dama kaɗai, ya ɗaga. Na tura gefen hagu. Hannunsa na kan gwiwa. Na ƙara ƙarfi. Bai motsa ba.

Auta ya ce, "Yaya, ashe mai binciken ma ana sayar masa da gurgu?"

Na cire na hagun na sa a kunnena. Yana aiki lafiya lau.

Baba ya dube mu ya ce, "Ku daina wahalar da kayan mutane. Wannan kunnen injin maɗaba'a ya cinye shi tun Auta bai zo duniya ba. Uwarku kaɗai ta sani. Da an ji a wurin aiki da an sauke ni daga kan inji, daga baya kuma na ga ba amfanin faɗa."

Sai ya nuna nawa ya ce, "Naka ya fi daɗi, wannan ko kurma ya sani. Ranar da ka kawo na gwada. Amma kunne ɗaya gare ni, shi kuma ya toshe shi ruf. Na nemi gidan na rasa. Ba ƙarar famfo, ba ƙofa, ba muryar kowa, sai bugun zuciyata. Na ce idan na faɗi yanzu ko ihuna ba zan ji ba. Na Auta kuwa rariya ne, komai na shigowa. Da shi na ji takalminka rannan a lungun kicin."



Auta ya ce, "To Baba, ni da nake zama a hagunka kullum, duk labaran da nake ba ka fa?"

Baba ya ce, "Ina ganin bakinka na motsi, in na ga ka yi dariya in taya ka."

Yaya, na yi alkawarin faɗin gaskiya. Wannan amsa ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Daga nan na yi abu biyu. Na shiga saitin wayar na haɗe gefen hagu da na dama, yadda kunne ɗaya zai sami waƙar duka. Sannan na cire robar da ta dace da kunnensa na sa mafi ƙanƙanta, wadda ba ta toshewa. Nauyin gangar ya ragu, hayaniyar titi ta samu hanya. Wato na ɓata da hannuna ainihin abin da ya sa na zaɓi iyafis ɗin. Na sa masa a dama kaɗai, na kunna.

Da aka zo wurin amshi, ya kama hannun rigata. Ya ce, "Su waye waɗannan?" Na ce 'yan amshi ne, tun asali suna nan, a gefen da ba ya ji. Ya saurara har baitin ya ƙare. Sannan ya ce, "Shi ya sa uwarku take rera wani abu daban, ina ce mata ta ɓata waƙa." Ya sa na sake kunna waƙar daga farko. Auta ya tashi ya shiga kicin wai zai ɗora shayi, ya daɗe bai fito ba.

Na zaci na yi nasara, kuma na bari wannan zato ya zauna a raina. Da Auta ya kawo shayin, Baba ya ce tun da mun haɗu zai faɗi inda zai zauna. Gidan Auta ya zaɓa.

Ya ce mini, "Na ga ɗakinka, ba abin da ya rage. Amma ka kai ni can ƙurya, ka sa labule kamar bargo. Ɗakin nan da abin kunnen nan hannu ɗaya ne ya zaɓe su. Ni shiru ya ishe ni. Ina son inda yara za su taka ni."

Na ce, "To." Na ce, "Haka ne." Na san za ki yi dariya a nan.

Na yi tunanin in ce zan mayar da shi ɗakin gaba, in cire labulen. Ban faɗa ba, domin na ga fuskar Auta, kuma domin Baba bai tambaya ba. Za a kwashe kayansa ranar Asabar mai zuwa. Na ce zan kawo mota.

Ba na jin daɗi, Yaya. Ban ga amfanin in rubuta miki akasin haka ba.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, haƙori biyu sun fito.

Ban yi dariya ba. Na zauna a bakin gado da takardarka na yi kuka, na tuna yadda Inna kullum take zagayowa damansa in za ta yi masa magana, ni ina cewa iyayi ne. Shekara nawa muna gida ɗaya da mutum!

Ka kai motar. Kada ka aika direba, kada ka ajiye kaya a ƙofa ka ce ana jiranka a ofis. Kuma ka bar ƙarfen banɗakin nan inda yake, ba ka san ranar da yaran Auta za su ishe shi ya nemi wurin hutu ba.

Ka rubuto mini yadda aka yi. Allah ya yi muku albarka, kai da wancan mai bakin.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

An kwashe kayan. Baba ya ƙi a bar bencin, sai da muka ɗaure shi a saman mota. Yanzu yana ƙofar falon Auta, inda yara ke wucewa da gudu. Jan iyafis ɗin yana nan a aljihunsa tare da makulli. Na gan shi, kuma ba zan ce ban ji komai ba.

Da zan tafi ya ce in miƙo masa nawa. Ashe ya lura da yadda kawunan ke cirewa. Ya kama na hagun ya ja, ya fita daga igiyar, ya sa mini a tafin hannu. Ya ce, "Wannan ba ni da kunnen sa shi. Na Auta na Auta ne. Wannan kuma ba mai sa shi sai kai, in ka zo ka taho da shi." Na ce zai iya ɓata a hannuna, ƙarami ne. Ya ce, "Kai? Ko allura aka ba ka ajiya ba za ta ɓata ba."

Na mayar da shi jikin igiyar a take, muka ji waƙa ɗaya kafin in sake cirewa. Na zauna a damansa. Auta ya fito ya gan mu, ya ce shi fa ba za a kore shi a gidansa ba, ya zauna a hagu ya ci gaba da labarinsa.

Kan iyafis ɗin yana cikin aljihun rigata yanzu da nake rubutu. Zan koma ranar Asabar.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Zomo

Gyara ɗaya ga wasiƙata ta farko. Na rubuta cewa bencin ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu. Yana ɗaukar uku, idan na tsakiya ya matsa.